Maigida a Tankin Gilashi

Malamin kifi yana da ɗan aibi guda: ya fi sakin baki da kifi a kan mutane. Matarsa ta sani, ta kuma haƙura, tunda kifi ba ya kiran waya.

Wanda ya fi samun hirar shi ne wani ƙaton karfasa da ke cikin tankin gilashi a ofis, dab da butar shayi. Ɗalibai suka laƙaba masa Maigida. Daga can saman kogi Malam ya kamo shi, inda dattin gari bai kai ba. Duk ajin da ya koyar sai ya tsayar da su gaban tankin ya ce, "Ku dubi namiji." Yana faɗa yana gyara tsayuwa.

A ƙasan kogi kuwa, bayan bututun da ke zubo ruwan dattin gari, lamari ya rikice. Kifin da aka tsaga sai a ga ƙwai. Dakta, tsohuwar ɗalibarsa wadda yanzu take riƙe da injin gwajin ƙwayar halitta, ta yanki ɗan gefen jelarsu ta auna, ta ce kusan rabinsu maza aka halicce su. Ragowar magunguna da sinadaran da ke cikin ruwan ne suka juya musu jiki.

Malam ya rubuta rahoto. Kwamitin muhalli zai zauna, kuma ko a tace ruwan bututun ko a bar shi ya dogara ne ga abin da za su gani. Ya san ba sa karatu, kallo suke yi. Don haka ya shirya ɗaukar tankin har ɗakin taro: ga namijin saman kogi, lafiyayye, ga kuma na ƙasa.

"Malam, bari dai in gwada shi kafin a kai shi," in ji Dakta.

"Maigidan? 'Yar nan, tun kina rubuta sunanki a karkace yake namiji."

"Ai jela kawai zan taɓa, sai ɗan jini."

Malam ya juya baya lokacin da ake ɗiba. Daga baya ya ba kifin haƙuri, ya ƙara masa abinci.

Ranar da sakamako ya fito, Dakta ta shigo ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Namiji ne," ta ce.

"To, kin ɓata allura."

"A halitta. Amma jininsa cike yake da abin da mace ke haɗa ƙwai da shi. Ya ma fi na wasu da muka kamo a bakin bututu."

Malam ya dubi Maigida. Maigida ya buɗe baki ya rufe. Shi ke nan, babu namijin da za a nuna wa kwamiti. Malam ya tsiyaya shayi don ya samu abin yi da hannunsa, ya kurɓa, ya ce watakila injin ne ya tsufa.

"Sabo ne," in ji Dakta. "Malam, wane ruwa ake zuba masa?"

Famfo ɗaya ne a ofishin: shi ke cika tankin, shi ke cika butar shayi.