Giyar Ƙafa Huɗu a Kan Kwalta

Maciji ya sari tsohuwa da hantsi, a bayan ɗakin ajiya na gona, tana jawo itace daga ƙarƙashin tsohon kwanon rufi. 'Ya'yanta biyu suna wurin: Yaya, wanda shi ne babba, da Auta, direban a-kori-kurar gidan. Suka ɗaure mata ƙafa da tsumma, suka sa ta a gaba tsakaninsu, suka nufi asibitin gari.

An kwana ana ruwa, hanyar gona ta zama taɓo. Auta ya ja ƙaramin sandan nan na gefen giya, wanda ke sa ƙafafun mota huɗu su ja tare. Motar ta riƙa keta laka tana gurnani.

"A hankali, ɗan nan," in ji tsohuwa. "Macijin bai kashe ni ba, kai za ka ƙarasa masa aiki?"

"Ki daina magana, Inna," in ji Yaya. "Kai kuma taka mota."

Da suka hau babban titi sai ga kwalta a bushe ƙayau, ko ɗigo bai sauka a nan ba. To, duk wanda ya ci abinci da irin wannan mota ya san halinta. Giyar ƙafa huɗu ta laka ce da yashi, inda taya ke samun wurin sulɓewa. A busasshiyar kwalta taya ba ta sulɓewa, sai ƙarafan ciki su riƙa murɗe juna, na gaba na ja, na baya na ja, har wani ya gaji. Auta ya san haka. Ya kai hannu zai mayar da sandan, ya ji shi gam kamar an dasa.

Ya rage gudu, ya fara gangarawa gefe.

"Me kake yi?" in ji Yaya.

"Giyar ta cije. Sai na tsaya na ɗan yi ribas kafin ta saki."

"Ribas? Uwarmu na mutuwa, kai kana zancen komawa baya?"

"Yaya, ɗan kaɗan ne. In muka tafi a haka..."

"Dubi bakinta!"

Auta ya duba. Jini ne ke tsattsafowa daga dasashinta, tana gogewa da bakin mayafi don kada su gani.

"Ashe motar ta fi ta daraja a wurinka," in ji Yaya. "In ta lalace ni zan gyara. Wuce mu tafi!"

Tun tasowarsu Auta bai taɓa yi wa Yaya musu sau biyu a kan magana ɗaya ba. Ya ɗauke ƙafa daga birki, ya taka totur.

A miƙaƙƙiyar hanya motar ta yi ta tafiya, har Yaya ya ce, "Ka gani? Ina abin da kake tsoro?" Amma kowace kwana sai sitiyari ya yi nauyi, tayoyi su yi ƙara, motar ta riƙa tsalle kamar an riƙe mata ƙafa. Wani ƙauri ya fara tasowa daga ƙasan kujera.

"Wa ya bar tukunya a wuta?" in ji tsohuwa, muryarta ta yi ƙasa. Babu wanda ya yi dariya.

A shataletalen shiga gari abin ya faru. Auta ya karya kan mota, sai suka ji ƙara daga ƙarƙashinsu kamar an buga guduma a ganga. Motar ta girgiza, ta ja wani ƙarfe a kwalta, ta tsaya cak. Inji na ta kuka, taya ko motsi. Baƙin mai ya malalo a titi.

Yaya ya fito yana ɗaga wa motoci hannu. Masu wucewa suka riƙa leƙowa, su ga jini a mayafi, su ƙara wuta. Na baya kuwa sai ham suke ta yi, wani har da zagi, wai a janye musu akwala daga hanya.

Da Yaya ya ga haka sai ya durƙusa, Auta ya ɗora masa tsohuwa a baya. Ya riƙa gudu da ita a bakin titi cikin rana, ta gaban shagunan masu faci da masu walda, Auta na biye yana tallafe da ƙafar da ta kumbura. Da farko tana cewa ya sauke ta, mutane na kallo. Daga baya ta yi shiru, kanta ya kwanta a kafaɗarsa.

A ƙofar asibiti wata nas ta taho da gudu tana tura gado. Aka kwantar da tsohuwa, nas ta taɓa wuyanta, ta buɗe mata ido, ta ja mayafi ta rufe mata fuska, sannan ta tura gadon ciki a hankali.

Suka zauna a benci a baranda, rigar Yaya ta manne da bayansa. Can, bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Da ka yi ribas ɗin nan, da ta saki?"

Auta ya sha yi, kuma bai taɓa yi ta ƙi saki ba. Ya dubi yayansa.

"Da wuya," ya ce. "Ta riga ta cije sosai."