Alhaji Manzo da Birki

Shekarar da Alhaji Manzo, dillalin shanu daga Barmu, ya sayi mota, direban da ke koya masa tuƙi ya sauka sayen goro a kasuwar Tawa. Alhaji ya ce bari ya ɗan taɓa kafin ya dawo. Motar ta zabura, ta shiga kewaya kasuwa a guje, awaki da masu talla suna watsewa.

Jandarma Talle ya busa usur. "Alhaji, tsaya!"

"Ina birkin yake?" Alhaji ya yi ihu, ya wuce.

Da ya sake zagayowa, Talle ya ce, "Taka na tsakiya!"

"Tsakiyar mi?"

Ya taka na dama, gudun ya ƙaru. Talle ya gaji da bi, ya zauna gindin itacen bedi. Duk zagayowa sai ya karanta wa Alhaji laifi ɗaya, Alhaji yana amsawa da salati.

Sai la'asar mai ya ƙare. Motar ta tsaya, Alhaji ya fito.

"Ranka ya daɗe," in ji Talle, "doka ta ce a kai motar ofis. Ni zan riƙe sitiyari, kai ka tura."