Wanda Ba Ya Iya Gudu

Tun kafin baƙuwar ta iso ƙofar gida, Hanatu ta riga ta sungumi Lukuman ta kai shi ƙuryar ɗaki, ta tura shi bayan buhunan gero, ta ce ko tari ya yi sai jikinsa ya gaya masa. Lukuman ɗanta ne na fari, ya kai shekara tara, ƙafafunsa sun shanye tun yana goye. Da hannu yake tafiya, silifa a kowane tafi.

Labari ya gama zaga ƙauyen nasu da ke gefen 'Yankuzo, a ƙasar Tsafe. Wai an turo mutane daga Gusau suna bin gida-gida suna ƙidayar yara masu lalura, guragu da kurame da masu farfaɗiya da masu sikila, don a san yawansu da abin da suke bukata. Magana mai daɗin ji. Amma a garin da ake kwana da kunne ɗaya saboda 'yan bindiga, duk wanda ya zo tambayar wane ne ba ya iya gudu, ba kallon mai taimako ake yi masa ba. Hanatu ba ta manta da ƙauyen yayarta can wajen Bungudu ba. Wani mai tallan magani ya yi ta shiga gidaje yana tambayoyi da fara'arsa, ba a rufa wata ba waɗanda suka aiko shi suka iso, kuma ko gida ɗaya ba su yi ɓatan kai ba.

Aka yi sallama. Wata budurwa ce mai hijabi ruwan toka, riƙe da babbar waya, ta ce sunanta Fiddausi. Hanatu ta amsa ciki-ciki, ko tabarma ba ta shimfiɗa mata ba, balle ruwa.

"Yaya, yara nawa ne a gidan nan?"

"Ukku. Ga su nan kina gani."

"Akwai wanda ba ya ji sosai, ko ba ya gani, ko tafiya ke ba shi wahala?"

"Mi kike so da wanda bai iya tahiya? Wa za ki kai ma labarinai?"

Fiddausi ta ce wayar ce ke aikawa ofis, da sunan yaro da lalurarsa da inda gidansu yake, don kada a sha wahalar nemansa.

"Har da inda gidan yake!" Hanatu ta tafa hannu. "Kin kyauta, baiwar Allah. Ki ƙara musu da lokacin da muke kwana mana."

Yarinyar ba ta yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙular da Hanatu ke nan. Idonta kawai ya sauka ƙasa, ya bi sawun jan jiki da ya ratsa tsakar gida daga gindin murhu zuwa ƙofar ɗaki, ya tsaya kan silifa guda wadda tsakiyarta ta lotsa da shatin hannu. Sai ta ɗaga murya kaɗan, tana kallon ƙofar. Ta ce idan an gama ƙidaya ana sa ran rabon keken guragu, mai juyawa da hannu, kuma wanda aka rubuta kaɗai za a nema.

Keken nan shi ne mafarkin Lukuman tun ranar da ya ga wani da shi a kasuwar Tsafe. Ita ma Hanatu bayanta ya gaji, yaron ya yi nauyi, gudun 'yan bindiga da aka yi bara da ƙyar ta kai shi bakin rafi. Ta so keken har cikin ranta, tsoro kuma ya fi son ƙarfi.

"Na hwaɗa miki ɗiyana ukku na, kowa da ƙahwahunai. Ba ni da wani. Hita mini daga gida tun ban tara miki jama'a ba."

Fiddausi ta taɓa wayarta, ta rubuta uku, ta yi sallama ta fita.

Sai da Hanatu ta leƙa ta ga ta shige gidan Sama'ila maƙwabcinsu sannan ta dama fura, ta zuba nono fiye da kullum, ta kai ɗaki. Ta janye buhu. Lukuman na zaune yadda ta ajiye shi, gumi ya jiƙa masa riga. Bai yi tarin ba. Bai kuma miƙa hannu ga kwanon ba.

"Sha mana. Don kai na yi, ai ka sani."

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa kafin ya ɗago.

"Inna, ran da za a sake gudu, ukkun nan za ki kwasa?"