Tawada a Fitilar Baya

Chekwube ya ɗaga ƙwan fitilar zuwa hasken ƙofar shago, ya jujjuya shi tsakanin yatsunsa, sannan ya jefa shi cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin benci.

"Na shida ke nan a wata guda, Likitan Shanu. Ko dai soya su kake yi?"

Sabiru bai yi dariya ba. Malamin dabbobi ne, kuma babur ɗin da ofis ya ba shi irin dogon nan ne mai tayoyi masu haƙora, wanda yake ratsa yashi da gargada tun daga Daura har rugagen da ke bayan garin Babban Mutum. Komai nasa lafiya lau, in ban da jar fitilar baya.

Ba tsoron hanya ne ya dame shi ba. Idanun mahaifiyarsa, Inna Zubaida, sun daɗe suna janyewa daga duniya sannu a hankali, kamar ruwan tafki bayan kaka. Fuskoki ne suka fara tafiya, sai launin zannuwa, sai darbejiyar ƙofar gida. Abin da ya rage mata shi ne jan ɗigon nan. Kullum bayan sallar asuba takan tsaya a bakin zaure ta raka shi da ido, yana ƙanƙancewa cikin lungu, tana addu'a har ya ɓace. Likita ya ce abin da ya tafi ya tafi, amma muddin ta riƙe maganin ɗigawa, sauran zai zauna. Yau kwana tara ke nan da ta ajiye kwalbar. Ta ce tunda jan ɗigon ma ya fara ɓace mata, ido ya riga ya rufe, kada a yi ɓarnar magani. Da Sabiru ya rantse mata cewa ƙwan ne ke mutuwa, murmushi kawai ta yi.

"Fitilar gwamnati ba ta mutuwa sau biyar a wata, Auta. Allah ya yi maka albarka da lallashi."

Shekara ashirin Chekwube ya yi yana sayar da kayan babur a Daura, kuma ba ya son abin da ya gagare shi. Da fari ya ɗora laifin kan jijjigar hanya, ya saka roba a ƙarƙashin fitilar. Daga baya ya auna batir, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya canza na'urar da ke daidaita wuta. Yau sai ya kwance fitilar ɗungurungum ya ɗora a cinyarsa. A saman jan murfin akwai wata tsaga siririya kamar gashi. Mazaunin ƙwan kuwa ya yi tsanwa, kuma a ƙasansa wani baƙin abu ya kwanta.

"Ruwa ne ke shiga," in ji shi. "Kana kunnawa, ƙwai ya yi zafi, ruwa ya taɓa shi, shi ke nan. Amma wane ruwa? Rabonmu da ruwan sama wata huɗu. Kuma wannan ba baƙin mai ba ne, danƙo gare shi."

Sabiru ya dangwala da yatsa, ya kai hanci. Nan take shagon ya yi masa nisa. Ya ga kansa yana ɗan shekara bakwai, ranar jarrabawa, Inna tana wanke allo a cikin ƙoƙo tana miƙa masa. Ƙamshin gawayi da ƙaro.

"Tawada ce," ya ce a hankali. "Rubutu ne."

Chekwube ya dube shi, ya dubi fitilar, ya ajiye ta da hannu biyu.

"To, wannan aikin Mama ne. Zan goge, in liƙe tsagar da gam. Amma gam ba ya jure jijjiga da wanka kullum. Sai ka gaya mata ta daina."

"In gaya mata addu'arta ce ke kashe mini fitila?"

"Ni dai waya na sani, ɗan'uwa. Uwa kuwa, kowa da tasa."

Duk yinin nan, yana duba kofaton shanu, maganar tana bin sa. Ya san Inna. In ta ji hannunta ne, ba za ta ƙara taɓa allo dominsa ba, kuma ba za ta yafe wa kanta ba.

Washegari da asuba, liman na yin sallama ya taso, bai tsaya lazimi ba. Gari bai gama wayewa ba, sama ta yi shuɗi-shuɗi. A zaure ya tarar da ita, ƙoƙon rubutu a hannun hagu, na dama yana lalubar sirdin babur yana gangarawa baya, leɓunanta suna motsi.

"Inna."

Ta tsaya cak, kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya.

"Har an idar?"

"An idar. Inna, ashe kishiya gare ni a gidan nan ban sani ba? Babur na gwamnati ne. Ni ne naki."

Ya cire hula ya durƙusa a gabanta. Ta yi 'yar dariya. Hannunta ya sami kansa, sanyin ruwan ya bi ta bayan kunnuwansa ya gangara cikin wuyan riga.

"Ƙaton banza," in ji ta. "Tashi, za ka makara."

Ya fitar da babur ya tayar. Bai ja da sauri ba. Ya bar shi yana gangarawa cikin lungu, ƙafarsa a kan birki, don jan hasken ya ƙara ƙarfi. Ya kusa shan kwana ke nan ya ji muryarta ta biyo shi, siririya.

"Auta! Kafin ka tafi, ina kuka ajiye kwalbar nan?"