Ranar da Mahmuda Ya Zauna a Fage

Wani direban lori ne ya kawo wata jarida kasuwar Dutsin-Ma, ina tsakar dama fura. Kafin azahar hoton da ke cikinta ya bi rumfa-rumfa har ya zo hannuna. Ga Mahmuda, ɗan yayana Jibo, zaune daɓas a ƙasa cikin filin wasan Turawa, wasu na gudu suna wuce shi. Rubutun da Turanci yake, direban ma bai iya ba, amma hoto ai ba ya son tafinta.

Mahmuda ɗan doka ne, kuma tun yana kiwo babu mai kamo shi a guje. Shi ya sa aka ɗauke shi gasar ƙasashe. Mu kuwa gidan kokawa ne. Yaya Jibo ya tsufa gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa a fage ba, haka ubanmu. A wajenmu wanda jikinsa ya taɓa ƙasa an kada shi, ko kokawa ce ko tsere, duk fage ne.

Na bar wa Lauratu maƙwabciyata ƙwaryar fura, na nufi Kurfi don in riga labarin isa. Ina! Bakin mutane ya fi lori sauri. Na tarar da Yaya a ƙofar gida, Ɗanmaraya makaɗi na gefe ya kife gangarsa, wai jaje ya zo. Munafuki, kallo ya zo. A gaban jama'a Yaya ya rantse da Allah ba zai ƙara sa hannu a akushi ɗaya da yaron ba. Na ce masa ya jira a ji ta bakinsa mana, ya ce mace ba ta san fage ba. Ni da na girma ina wanke masa warki!

Daga nan na rasa sukuni. Yau ina Kurfi ina lallashi, gobe ina Dutsin-Ma ina tare duk mai takalmi sau-ciki ina tambaya. Wani ya ce ciwon ciki ne, wani ya ce sammu, wani malamin asibiti ya ce siyasa ce, ya wuce abinsa. Furata ta yi ta tsami. Tsoro nake ji, domin na san taurin kan Yaya, kuma yaron nan ba shi da uwa sai ni.

Bayan girbi Mahmuda ya dawo, an kuma sallame shi daga aiki. Ni na ja shi har gaban ubansa, lokacin an kawo tuwon rana. Yaya bai ɗago ba.

"Wa ya kada ka?"

"Ba kowa, Baba. Ni na zauna."

"Da kada ka aka yi, da na san abin da zan gaya wa mutane."

Sai yaron ya yi bayani. Ya ce cikin waɗanda aka jera su tare akwai 'yan wata ƙasa can kudu, inda baƙar fata ba ya shiga fage da farare, ba ya shan ruwa inda suka sha, kuma da mutane suka fito suka ce ba su yarda ba, aka buɗe musu wuta. Masu masaukin gasar sun san haka sarai, amma suna sayen lemo da zinariyar ƙasar, don haka suka yi gum. Shi ne su baƙaƙen suka haɗa baki, in an busa usur kowa ya zauna, duniya ta gani. Wasu sun karaya sun ruga. Shi ya riga ya ba da kalmarsa.

Yaya ya tambaya ko cikin waɗanda aka harbe akwai yara. Mahmuda ya ce an ce akwai, da yawa ma a gadon baya harsashin ya same su.

Ni dai na ƙagu, na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya ɗaga mini hannu. Ya tura akushin gaban ɗansa.

"Wanke hannunka," ya ce. Sannan ya juyo gare ni. "Ke kuma Tani, shiga rumbu ki auno gero. Kaffara ta hau kaina."