Tsakar Gidan Baban Injiniya

Tun ranar da 'yarsa ta kama aiki a ofishin tsara birni, tsohon direban nan ya daina amsa kowane suna sai Baban Injiniya. In ya je aski, kafin wanzami ya gama gefe ɗaya ya riga ya sha labarin cewa yarinyar ce ta rubuta sabuwar dokar ruwan sama: duk wanda ya yi sabon gini, ruwan rufinsa da na tsakar gidansa ya tsaya a filinsa ƙasa ta shanye, kada ya turo wa titi da mutanen gangare.

Yana son dokar nan ƙwarai, har ranar da ta biyo ta kansa. Da ya gama gina gidan da zai huta a ciki, sai ya sa aka malale tsakar gidan da siminti, bango zuwa bango, sumul, aka fasa rariya ta fita titi. Kuma yana da hujjarsa, don matarsa na fama da ciwon gwiwa, ta gaji da tsallaken taɓo.

Injiniya ta zo ganin gida, ta yi turus a bakin ƙofa.

"Baba, wannan fa ba zai wuce ba. Sai an fasa gefen nan, a haƙa rami a cika shi da tsakuwa, a juyo bututun rufi ciki. Hanyar Mama daga ɗaki zuwa kicin a bar mata simintinta."

"Ni za ki karanta wa doka? Ni da na riƙa kai ki makaranta a gaban mota?"

"Ba ni zan zo dubawa ba, Baba. Ba a tura mutum gidansu. Wani za a aiko."

Ya yi fushi har ya ƙi taɓa abincin da ta kawo. Matarsa ta ce, "Kai da kake tallan dokar a gari?" Ya ce don Allah ta bar shi ya ji da abu ɗaya.

Ranar dubawa wani ma'aikaci ya zo da hular kwano da igiyar awo. Ya zaga, ya tsaya a kan rariyar, ya sosa ƙeya. Maƙwabcinsu tela, wanda aka sa ya farfasa nasa daɓen kwanan baya, ya leƙo ta kan katanga da almakashi a hannu.

Ma'aikacin ya sassauta murya. "Baba, gaskiya da gidan wani ne, da akwai magana. Amma gidan su shugabarmu ne. Ba komai, ya yi."

Tela ya yi 'yar dariya. "Ashe dokar ta san gida," ya ce, ya sauka abinsa.

Abin da tsohon yake so ke nan ya samu, amma sai ya ji kamar an kwara masa ruwan sanyi. Ya san bakin tela. Kafin rana ta faɗi unguwa ta ji, kafin sati birni ya ɗauka, kuma daga nan babu mai gini da zai ƙara jin maganar yarinyar nan da daraja. Duk karatun da ta sha wahalarsa, shi da hannunsa zai zubar mata saboda daɓe.

"Dawo nan," ya ce wa ma'aikacin, wanda ya juya zai fita. "Ita ta ce ka yi min haka?"

"Wallahi a'a, Baba. Ba ta ma san ni aka turo ba."

Daɗi ya cika masa ciki. Ya gyara tsayuwa.

"To buɗe idonka ka sake dubawa. Gidan nan bai cika doka ba. Faɗa da ƙarfi, na bayan katanga ya ji."

Ma'aikacin ya faɗa da ƙarfi. Baban Injiniya ya ƙwala wa tela kira ya ara masa gudumar da ya yi aikin nasa da ita. Tela ya kawo da kansa, ya tsaya kallo, baki buɗe. Matar gidan ta jawo kujera ta zauna tana ba da umarni: "Can gefen aka ce! Kada ka taɓa min hanyata!"

Da yamma Injiniya ta shigo ta tarar da rabin tsakar gida a farfashe, ubanta zaune kan tarin ɓaraguzai, ƙura har gira, tafin hannunsa duk ya yi bororo. Idonta ya kawo ruwa.

"Haba Baba, da ka bari an kira leburori."

"Su zo gobe su ƙarasa. Bugun farko dai nawa ne."

Ya karɓi ruwan da ta miƙo masa ya shanye, sannan ya dube ta sama da ƙasa, kamar yau ya fara ganinta.

"Daga yau ki tsaya gaban kowa, komai tsawon benensa, ki faɗa masa doka. In ya ce ki je ki fara da gidan ubanki, ki yi masa kwatance."