Laifin Kwalba

Ernest ya sake murɗa ɗan maɓallin da ke bayan kwalbar, wato tulun gilashin da ke nuna hoto, ya leƙa madubin da ya jingina a gaban akwatin gem ɗin. Haka masu gyaran talabijin suke yi, hannu a baya, ido a madubi. Hoton dai bai sauya ba. 'Yan damben nan biyu na cikin gem ɗin suna ta tsalle, amma dishi-dishi, kamar an shafa wa gilashin man kaɗe. Ya ja tsaki, ya goge madubin da gefen rigarsa, ya goge fuskar kwalbar, ya koma baya ya ci gaba da murɗawa.

Akwatin na Ifeanyi ne, mai sayar da kayan gyaran mota a Kakuri, wanda ya buɗe wurin shaƙatawa a Unguwar Boro. Tsohuwar na'ura ce, tsayinta ya kai mutum, kuma da yamma zai zo ɗauka. A duk Makera Ernest kaɗai ya rage mai taɓa talabijin masu tulun baya. Sauran duk sun koma gyaran waya.

Celina, matarsa, ta shigo da kular abinci, tana ɗaure da zanen zumuntar mata.

"Baban Jessica, yau ce fa ranar asibitin ido."

"Ina da aiki."

"Da safe a tebur ka zuba shayi, kofin yana gefe yana kallonka."

"Ke kika matsar da shi."

Ta tsaya tana duban allon gem ɗin. "To me ya samu wannan? Ni ban ga komai ba."

"Ina za ki gani? Kwalba iri-iri ce. Ta gem ɗigonta manya ne, layukanta kaɗan, har da wani baƙin zare tsakanin layi da layi. Ta kwamfuta kuwa ɗigonta ƙanana ne kamar tankaɗaɗɗen gari. Wannan ta tsufa, ta gaji, zaren ma ya ɓace. Mai ƙananan ɗigo zan nemo wa na'urar."

Gaskiyar magana, tsoro Ernest yake ji. Mai gyara da ido yake cin abinci. Ranar da likita ya buɗe baki ya ce idon ne, shi ke nan, wa zai ƙara kawo masa ko rediyo? Gara masa ya zagi kwalba. Ya bar Celina da shago, abincin ma bai buɗe ba, ya tare keke zuwa Nasarawa.

Ko a keken bai zauna lafiya ba. Yana ta ce wa direban ya bi ta nan, ya bi ta can. Da cunkoso ya tare su sai ya sauka ya ƙarasa da ƙafa, har wani ɗan acaɓa ya kusa kwashe shi, suka yi cacar baki.

Auwal, dillalin tsofaffin kayan lantarki, ya tarbe shi da fara'a a cikin rumfarsa. "Injiniya da kansa. Yau me za a tayar daga kabari?"

"Kwalbar kwamfuta nake so, mai ƙananan ɗigo. Kar ka kawo mini tarkace."

Auwal ya tayar da janareta, ya jona wata. Ernest ya matso, ya kanne ido, ya girgiza kai. "Ta mutu." Aka jona wata. "Ita ma." Auwal ya hau kan tarin kaya ya sauko da wadda yake ɓoyo, ya hure ta, ya jona.

"Wannan ma hayaƙi ne a cikinta."

Auwal ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba Injiniya, so kake ka karya mini kaya. Wannan ai har ɗan rubutun ƙasan nan ana karantawa daga bakin titi."

"Wane rubutu?"

Dariyar Auwal ta tsaya. Ya dubi allon, ya dubi Ernest. Wannan kallon ya fi zagi ciwo. Ernest ya hau faɗa, wai dillalan yanzu ba su san kaya ba, komai aka kwaso daga bola sai su ce sabo ne. Ya fita bai sayi ko fis ba.

Da ya dawo, tun daga bakin layi ya ji ƙarar gem daga shagonsa. Ashe Ifeanyi ya kasa haƙuri har yamma. Ga shi can, ƙaton mutum da tumbi, ya duƙa yana dukan maɓallai kamar ɗan firamare.

"Oga Ernest, ka yi aiki. Dubi hoto tas. Dubi layukan nan, ɗaya bayan ɗaya, irin na Onitsha lokacin ina yaro. Abeg kar ka sa mini kwalbar kwamfutar da madam ta ce ka je nema, an ce ɓata hoton take yi. Wannan ɗin nake so."

"Kana ganin baƙin zaren?"

"Ga shi nan ko'ina."

Ernest ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya san zaren yana nan, shi da ya yi rayuwarsa yana nuna wa mutane shi. Bai gan shi ba. Ya ja baya a hankali, ya ɗauki madubin aikinsa, ya goge, ya kalli kansa. Fuskar da ke ciki ma dishi-dishi take, kuma wannan ba ta da maɓallin murɗawa a baya.

Ifeanyi ya fita kiran motar ɗaukar kaya, yana fito. Celina tana zaune a benci, kular tana kan cinyarta.

"Maman Jessica," in ji Ernest, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sun tashi ne a asibitin?"

"Idan muka fita yanzu za mu same su."

Bayan an ɗora akwatin a mota, ya jawo ƙofar shago, ya saƙala kwaɗo. Makullin ya yi ta zamewa a gefen ramin, ya ƙi shiga. Ya juya ya miƙa wa Celina.